Tauraron Gwangwani da Dalmar Malam Haruna

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai a tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai sayar mini da gawayi sai da ya rage murya ya ce, "Madam, wai da gaske kin je duniyar wata?" Ban je wata ba. Ko jirgi ban shiga ba. Kano na je a motar haya, ƙafata ɗaya bisa buhun albasa. To tunda labarin ya fara ƙiba a bakin mutane, gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni ce Ramatu, mai koyar da kimiyya a kwalejin Madarumfa, a Nijar. Bara wata jami'a ta aiko wa makarantu kaɗan kayan haɗa ɗan ƙaramin tauraron ɗan adam, irin na koyarwa. Kada sunan ya ruɗe ku. Duk abin cikin gwangwanin lemo yake shiga: ɗan allon wayoyi, da batir, da abin auna zafi, da abin auna nisa daga ƙasa, da rediyon da ke aiko abin da aka auna, da idon ɗaukar hoto wanda bai fi ƙwayar wake ba. Ba ya kaiwa inda taurari suke. Ƙaramin jirgi marar matuƙi ke ɗaga shi sama ya sake shi, ya sauko da laima, yana aiki a hanya irin wanda manyan ke yi can sama. Amma yaron da ya haɗa wannan da hannunsa, in ka ce masa akwai wani ƙarfe a sama da ke gaya wa masu duba yanayi cewa ruwa na tafe, ba zai ƙara ɗauka tatsuniya kake yi masa ba.

Laraba da yamma muke haɗuwa da yaran. A cikinsu akwai Balkisa, 'yar ajin ƙarshe, yarinya marar surutu mai natsattsen hannu. Ita ta liƙa mafi yawan wayoyin, ita kuma ta ɗinka laimar da yadin tsohuwar lemar ruwan sama. Na koyar shekaru da dama, irin Balkisa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ina son ta wuce gaba.

Mahaifinta, Malam Haruna, masunci ne, yana kuma da lambu a bakin tabki. Yayyenta maza sun tafi ci-rani, ban-ruwan yamma ya dawo kanta. A taron iyayen yara, cikin inuwar bishiyar bedi, ya tashi ya ce:

"Madam, ni ban raina boko ba. Amma ɗiyata na barin kabeji da salati suna shan rana, tana nan tana wasa da gwangwani. In don gwangwani ne, akwai shi tuli bayan gidana. Ku tahi da shi can inda kunka ce. In ya hau sama, ya sauko bai hwashe ba, ya kawo hoton ƙasa yadda kika ce, na bar miki ita. In ko ya tarwatse, ta koma ma lambu, kuma kar a sake aiko mini kowa."

Sauran iyayen suka gyaɗa kai. Na amsa da baki mai ƙarfi, alhali mu ba mu taɓa jefa abin daga inda ya fi rufin aji tsawo ba.

Gayyatar da aka yi mana zuwa wata jami'a a Kano, inda za a gwada gwangwanin a sama, ta malami ɗaya ce da ɗalibi ɗaya. Malam Haruna ya ce Balkisa ba inda za ta. Maigidana kuma ya ce ni ma ba zan bi hanyar nan ni kaɗai ba. Kafin a gama shawara, Gwaggo Dije, ƙanwar babana mai sayar da bandar kifi, ta ji labari ta ɗaure kayanta. Ta ce dama tana da wata 'yar ɗaki da ta yi aure a Kano tun suna 'yan mata, za ta kai mata ziyara. Na tambaye ta wace unguwa. Ta ce in mun je za mu tambaya.

Ranar tafiya da safe ina tasha ina jiran Balkisa, don ta tafi da laimar gida ta ƙarasa kalmasar bakinta. Sai ga ubanta maimakon ita, riƙe da ƙunshi cikin tsohon zane, an ɗaure shi tam da zaren raga.

"Tana lambu," ya ce. "Naɗin na da wuya, kar a kwance shi sai an je."

Ya miƙa mini, ya juya. Sai da ya yi nisa na ji kamar ya ce a sauka lafiya, ko kuwa da wani yake. Na ji ƙunshin da ɗan nauyi, na ɗora laifin a kan zanen, na cusa shi can ƙasan jaka ina ta mita a zuci.

Motar Ɗan Issa ta ɗauke mu, mu da kwandon bandar Gwaggo wanda ta ce tsarabar 'yar ɗakinta ce. Ba ta yarda a ɗaure shi a bisa mota ba, a cinyarta ya zauna, rabinsa a tawa. Kafin mu isa, duk wanda ke cikin motar ya san inda za mu da abin da muka ɗauko, ya kuma ɗauki warin kifi kyauta ya kai wa iyalinsa. Wani dattijo da ke gaba ya juyo ya tambaye ni ko tauraron zai iya gano masa raƙuminsa da ya ɓace. Na ce wannan ƙarami ne, bai kai nan ba tukuna. Ya ce to Allah ya raya shi.

A Ɗan Issa muka yi canjin kuɗi. Na ba da 'yan takardu aka cika mini hannu da dami, har na ji kaina ya yi girma. Arzikin bai kai mu Katsina ba, ya narke a shayi da ruwan leda.

Da muka ƙetara iyaka, wani jami'i ya buɗe jakata, ya ga gwangwani da wayoyi da batir, ya ja da baya a hankali ba tare da ya ɗauke idonsa daga kaina ba. Ban ga laifinsa ba. A wannan zamani, ni ma in na ga irinsa a jakar wani, sai in nemi ƙofa. Na ba shi takardar makaranta, ita kuma da Faransanci take. Gwaggo ta ga abin zai yi tsawo, ta zaro kifi biyu ta ce, "Ɗana, ka taɓa cin na tabkin Madarumfa?" Na taka mata ƙafa.

Na ce ya bari in nuna masa. Na kunna gwangwanin, na buɗe ordinatar ɗina, wato kwamfuta, a kan benci, lambar zafin wurin ta fito. Na ce ya riƙe shi cikin tafin hannunsa. Da kyar ya yarda. Lambar ta fara hawa kaɗan-kaɗan, shi kuma fuskarsa ta fara saki. Ya kira abokan aikinsa. Wani ya kai shi kusa da butar shayi lambar ta yi tsalle, wani ya tsoma shi cikin kular mai ruwan sanyi ta faɗo. Daga nan sai gardama ta kaure a kan wanda hannunsa ya fi zafi, aka bi layi ana gwadawa, direbanmu yana can yana danna ham kamar zai cire shi.

"Malama, yana ganin abin da ke cikin babbar mota in an rufe da tamfol?" jami'in ya tambaye ni.

Na ce a'a.

"To ki ce wa yaran su ƙara ƙoƙari." Ya juya gwangwanin yana duba liƙin wayoyin. "Ina da 'ya a sakandare. Mace za ta iya haɗa irin wannan?"

Na ce wanda ke hannunsa mace ce ta liƙa shi. Ya daɗe yana kallon liƙin kafin ya maido mini, ya ce mu gaida ta.

A Katsina muka sake mota. Bakinmu da nasu kusan ɗaya ne, amma ba su ɗauki lokaci ba suka gane mu, don na je wajen mai shayi na ce ya ba ni burodi mai tsawo. Ya yi dariya ya ce, "'Yan Nijar ne." Ya miƙo nasu mai kusurwa huɗu cikin leda. Gwaggo ta matsa shi da yatsa, ya lotsa, ya dawo. Ta ce, "Wanga ai katihwa ce anka sa ma sukari." Ta cinye nata, ta ci rabin nawa, tana ci tana kushewa. Shayinsu kuma a babban kofi suke zuba shi, da madara har ya yi fari, mutum ya shanye a tsaye ya wuce. Mu da muke zama a kan ɗan kofi guda har hira ta nuna, abin ya yi mana kama da shan magani.

Kano kuwa sai wanda ya gani. Mun shiga adaidaita sahu daga tasha, Gwaggo ta fara gaida mutanen da muke wucewa kamar yadda ake yi a gida, tana ɗaga hannu tana tambayar gajiya. Ba wanda ya amsa. Kafin mu kai shataletale na biyu hannun ya gaji, ta sauke shi, ta ce mutanen garin nan ko an yi musu rasuwa ne. Ta kuma tambayi mai adaidaitan ko ya san 'yar ɗakinta, wata Hajo, doguwa, mai wushirya, 'yar Madarumfa. Ya ce zai sa ido.

A masaukin jami'ar wata budurwa ta ba mu katin rataya wa wuya mai ɗauke da suna. Nawa Ramatu, malama. Na biyun Balkisa, ɗaliba. Ta dubi katin, ta dubi Gwaggo, ta sake duban katin. Kafin in yi bayani Gwaggo ta karɓe ta rataya. Daga ranar har muka baro, kowa Mama Balkisa yake kiranta, ita kuma tana amsawa ba ko kunya. Ni dai duk sanda na ga sunan yana lilo a ƙirjinta sai in tuna mai shi tana can tana jan guga.

Ɗakin yana da gado biyu da fanka. Fankar ta juya mana sau kaɗan don mu san tana da rai, wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa da ruri. A gida kullum muna zagin mutanen Nijeriya cewa suna yi mana rowar kuran, wato wutar lantarki. A nan na gane ba rowa ba ce, su ma nema suke. Abinci kuma kowa da nasa cikin ɗan akwatin roba da cokali, mutum ya koma gefe ya ci shi kaɗai kamar wanda aka yi wa horo. Gwaggo ta aro tire wajen masu dafuwa ta juye nata da nawa wuri ɗaya, ta wanke hannu. Shinkafar ta yi daɗi, yajin ya sa ni hawaye. Da ta kai ga kifin, ta ɗanɗana ta ajiye, ta ce wannan tarwaɗar ba ta taɓa ganin tabki ba, a kwano aka raine ta. Aka ce mata gaskiya ne, ta gidan kiwo ce. Ta wuni tana jin daɗin kanta.

Washegari aka yi awon gwangwanaye. Wani malamin jami'ar, Dakta Kabiru, mutum mai fara'a da gilashi a goshi, shi ke zaune gaban sikeli. Ƙa'idar ita ce kowane gwangwani da laimarsa kada su wuce wani nauyi, kada kuma su gaza wani. Yaran sauran makarantu suna layi da malamansu, laimominsu na kanti, ruwan lemo, sai sheƙi suke. Da aka zo kanmu na kwance zanen Malam Haruna, na ɗora naɗaɗɗiyar laimar da gwangwanin a kan sikeli.

Dakta Kabiru ya sauko da gilashinsa. Ya ɗauke kayan, ya bubbuga sikelin, ya mayar.

"Malama, dutse kuka sa a ciki?"

Na warware laimar a kan tebur, sai na ji ƙarar abu yana bugun katako. Duk zagayen bakinta, inda Balkisa ta yi kalmasa, an jera ƙananan dalma, kowace an ɗaure ta da zaren raga, tazararsu daidai kamar an auna.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "A'a, wanga ai birgi ne."

Birgi ita ce ragar nan mai zagaye da masunta ke jefawa daga kwalekwale. Yaran da ke bayanmu suka fara ƙyaƙyatawa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Abin da ya zo mini shi ne Malam Haruna ya yi haka da gangan, don gwangwanin ya faɗo ya tarwatse, maganarsa ta tabbata, ya ɗauke 'yarsa. Na kama dalma ɗaya zan fizge ta.

Sai na ji santsinta. Sabuwar dalma tana da haske da kaifin baki. Wannan ta yi toka-toka, ta yi sumul, igiya ta ci tsakiyarta, kuma warin ruwan tabkinmu na jikinta. Na duba ta kusa da ita, haka. Duk haka suke. Ba daga kasuwa ya sayo su ba, daga birginsa ya kwanto, wadda yake ci da iyalinsa da ita. A bakin tabkin nan na girma, na san dalma ce ke jan bakin birgi ta buɗe a iska ta zama kamar faifai. Mutumin nan ya ga 'yarsa ta ɗinka abu mai zagaye, mai igiyoyi, an ce ana so ya buɗe a sama, ya ga ba dalma ko ɗaya. A ganinsa yarinya ta yi mantuwa, malamarta ma ba ta lura ba. Ya zauna ya gyara mana, bai gaya wa kowa ba, ya kawo tasha yana ɗaure fuska.

Na nemi kujera na zauna. Kunya ta kama ni saboda zaton da na yi masa, tausayi kuma ya biyo baya, har sai da na yi kamar ina gyara gyale don kada yaran su ga idona.

Gwaggo ta tsaya kai da fata cewa a bar dalmar. Ta ce wa Dakta Kabiru, "Ɗana, mai wanga aiki ya shekara talatin yana jifa, bai taɓa jefa wadda ta ƙi buɗewa ba." Shi kuma, Allah ya saka masa, bai yi mata dariya ba. Ya ce a gwada. Aka cika wani gwangwani da yashi, aka ɗaura masa laimarmu, wani ɗalibi ya hau bene ya sake shi. Laimar ta tsuke kamar tsintsiya, ta zo ƙasa da gudu, yashi ya watse.

"Ba ku iya jifa ba," in ji Gwaggo. "Ana karya ƙugu ne, a juya, sannan a saki." Ta fara nuna yadda ake yi a tsakiyar fili, katin Balkisa yana kaɗawa. Na ce mata jirgin da zai saki namu ba shi da ƙugu. Ta ce to wannan kuma laifin masu ƙera shi ne.

Na aro reza na bi ɗaurin ɗaya bayan ɗaya. Ya ba ni wuya, don mutumin ya ɗaura su ne ba da niyyar su kwance ba. Na tara dalmar cikin zanensa na ƙulle. Muka koma kan sikeli. Dakta Kabiru ya duba, ya yi murmushi, ya ce yanzu kuma mun gaza kaɗan, yadin lemar tamu ba shi da nauyi. Ya turo mini wani kwano cike da ƙananan notuna da aka tanada don irin haka, ya ce in ɗiba in liƙa a gindin gwangwanin daga ciki.

Na ce masa mun zo da namu. Na kwance zanen, na ɗora dalma ɗaya a sikeli, na ƙara ta biyu. A ta uku ya ce ya isa.

Da safe aka fita wani fili a bayan jami'ar. Gwangwanin da aka saki kafin namu igiyoyinsa suka harɗe, ya faɗo ya fashe. Yaron da ya haɗa shi ya je yana tsince gutsattsarin yana zubawa a hularsa.

Jirgin ya ɗauki namu yana kuka kamar taron ƙudan zuma, ya yi ta hawa har ya zama ɗigo. Na duƙa kan ordinatar. Lambar nisa tana hawa, lambar zafi tana sauka. Shekara nawa ina rubuta wa yara a allo cewa sama ta fi ƙasa sanyi, ni kaina ban taɓa gani da idona ba sai ranar. Aka ce an saki. Na ɗaga kai ban ga komai ba sai wani abu yana faɗowa. Gwaggo ta damƙe hannuna tana salati. Sai baƙin yadin ya kumbura, ya buɗe, ya tsaya cak kamar an rataye shi, sannan ya fara saukowa a hankali yana rangaji.

Iska ta ja shi ta ƙetare da shi shinge zuwa wata gonar rogo. Ban san sanda na tsallake kunya-kunya ba, takalmi ɗaya a hannu. Na tarar da shi kwance, gefensa ya ɗan lotsa, wata akuya tana shinshinar laimar tana shawara. Aka ciro hotunan. Na farko haɓata ce da ƙofofin hancina, lokacin da nake kunna shi, kuma Dakta Kabiru ya nuna wa kowa a babban allo kafin in hana. Sai wasu da ba a gane komai. Sannan ga ƙasa: gonaki yanki-yanki, hanya kamar zare, rufin gidaje, mu kuma a tsakiyar fili kamar an watsa gero. Gwaggo ta sa yatsa a kan wani ɗigo ta ce ita ce, ta gane gyalenta.

Hajo dai ba a same ta ba. Bandar ta ƙare a hannun masu dafuwar jami'a, waɗanda suka rako mu har bakin titi. A iyaka muka sake samun jami'in nan, ya ga hoton, ya ɗauka da wayarsa don ya kai wa 'yarsa. Daga nan har gida Gwaggo magana ɗaya take yi mini: in ce wa Malam Haruna dalmarsa ce ta buɗe laimar.

"Mi za ki rasa? Ki bar dattijo da jin daɗinshi."

Na juya maganar har muka shigo gari. Na ga in na faɗi haka, baɗi kowane uba zai aiko da tasa dalmar, kuma Balkisa za ta san malamarta ta yi ƙarya a kan abin da take koya mata.

Aka sake taruwa a inuwar bedi. Na ajiye gwangwanin a kan tebur da lotsawarsa, na buɗe hoton, iyaye suka yi ta turereniya. Balkisa ta ɗauki gwangwanin tana juya shi, tana ta ƙoƙarin ɓoye murmushi. Malam Haruna yana can baya, hannu a goye. Sai da mutane suka watse ya matso ya dubi hoton.

"Ta buɗe?" ya ce.

"Ta buɗe, Baba."

"Da kyau?"

"Kamar faifai."

Ya gyaɗa kai, gemunsa yana motsi, irin na wanda ya san dalili amma ba zai faɗa ba. Nan ne na ji abin ya fi mini wuya. Na ciro ƙullin zanensa na miƙa masa, na ce sai da na cire su sannan ta buɗe, don laima ba ta son nauyi a baki. Ya kwance ƙullin ya ga dalmarsa.

"Ashe ɓarna na yi muku," ya ce.

Na buɗe gindin gwangwanin a gabansa, na ɓamɓaro ukun nan na zuba masa a tafin hannu. Na ce da muka cire sauran, nauyinmu ya gaza, ba a yarda a ɗaga mu ba sai da waɗannan suka cika shi. Na ce duk Madarumfa, daga mutum har kaya, ba abin da ya taɓa hawa inda suka hau. Ya dube su, ya dubi 'yarsa, ya rufe hannunsa. Ya yi mini sallama ya tafi, bai ce an bar mini ita ba, bai ce ba a bari ba.

Ranar Laraba yara suka taru, babu Balkisa. Na fara darasi ina satar kallon ƙofa. Can sai ga ta, ƙafafunta da laka, bayanta kuma ubanta da birgi a kafaɗa. Ya ce shi ba karatu ya zo ba. Zai jefa ne a fili yara su ga yadda take buɗewa, sannan Madam ta yi bayanin abin da ya sa ta ruwa ke son dalma ta sama ba ta so, shi ma ya ji daga nan bakin taga. Ban-ruwan Laraba kuma, ya ce, ya yi magana da maƙwabcinsa.

Muka fita fili. Ya karya ƙugu, ya juya, ya saki. Birgin ta tashi ta buɗe a iska, yara suka yi shewa, amma gefe ɗaya ya ɗan noƙe, bai miƙe da sauran ba. Na matsa na duba inda ta faɗi. Ya mayar da dalmar duka, sai wuri ɗaya da aka bar gurbi uku a jere.

Na dubi Balkisa. Ta rage murya ta ce, "Suna aljihunshi, Madam. Ya ce abin da ya je sama ba ya komawa cikin laka."